Daidaita Haske da Duhu a Hoton Shimfiɗar Ƙasa: Tarihin Sana'ar da Masu Gyara Mata

Matsalar da ta fi kowace tsufa a sana'ar ɗaukar hoton duwatsu, koguna, dazuzzuka da filaye ita ce sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Idon mutum ba ya jin nauyin wannan, domin yana kallo yana gyara kansa: ya dubi girgije ya tsuke, ya dubi gindin bishiya ya buɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa abin da ya gani wuri ɗaya. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Buɗewa ɗaya take yi, da ita za ta kwashi komai. In aka bar ta ta sha hasken da zai fito da abin da ke cikin inuwa, sama ta ƙone ta yi fari fat. In aka tauye hasken saboda gizagizai, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Ga kuma takardar da za a buga hoton a kai, wadda farinta bai fi baƙinta haske da abin da ya wuce kusan ninki ɗari ba, alhali da rana tsaka tazarar da ke tsakanin girgije mai ƙyalli da bakin kogo tana iya zarce ninki dubu. Aikin daidaita haske da duhu shi ne shigar da wannan faɗi cikin wancan ƙunci ba tare da hoton ya dushe ko ya yi ƙarya ba.

A 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre a Faransa, William Henry Fox Talbot na Ingila kuma ya kawo dodon hoto, wato kwafin farko da fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari, wanda daga gare shi ake buga hoto a takarda. Nan da nan aka tarar da wata matsala a kan ta farko. Sinadaran azurfa na wancan zamani shuɗin haske kaɗai suke ji sosai. Kore, rawaya da ja kusan duhu ne a wurinsu. Saboda haka shuɗin sama da farin girgije suke fitowa iri ɗaya, ganye kuma ya yi duhu fiye da yadda ido ya gan shi. Hanyar jiƙaƙƙen gilashi da Frederick Scott Archer ya fitar a 1851 ta ƙara kaifin hoto ƙwarai, amma ba ta warkar da wannan makanta ba, ta ma ƙara wahala, domin dole a shafe gilashin da sinadari, a ɗauki hoto, a wanke shi, duk kafin ya bushe. Carleton Watkins, wanda ya shiga kwarin Yosemite na Kalifoniya a 1861, da alfadarai ya yi jigilar tanti, kwalabe da gilasai masu faɗin inci 18 da tsawon inci 22. Hotunansa suna cikin abin da ya ja hankalin 'yan majalisar Amurka har Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin a 1864. Duwatsun sun fito tsaf, har ana ƙirga tsagar jikinsu, amma a yawancin hotunan sama fanko ce.

Dabarar da ta yi tashe a kan wannan ta fito ne daga hannun Gustave Le Gray, Bafaranshe da ya fara da koyon zane kafin ya koma hoto. A 1856 da 1857 ya baje hotunan teku da suka girgiza London da Paris, domin ga igiyar ruwa ga gizagizai, kowanne da cikakken haskensa. A da yawa daga cikinsu dodon hoto biyu ya yi amfani da su, ɗaya ya ba shi hasken da ya dace da ruwa, ɗayan ya ba shi na sama, sannan ya buga su a takarda guda. Miƙaƙƙen layin da ke raba teku da sama shi ya ɓoye masa mahaɗar. Daga baya masu bincike sun gano sama guda a kan tekuna daban-daban a cikin hotunansa. Dabarar ta bazu har ta zama ruwan dare: mai hoto yakan tara dodannin gizagizai a akwati, in ya zo bugawa ya zaɓi wanda ya yi masa. Eadweard Muybridge, wanda shi ma ya yi aiki a Yosemite, ya bi wannan hanya, ya kuma ƙera wani ɗan mayafi a kyamara da ke rage wa sashen sama haske yayin ɗauka.

A nan ne idon abokan sana'a ya fara zama kayan aiki. An kafa ƙungiyar masu hoto ta London a 1853, ta Faransa a 1854, sannan ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa a birane. Ana taruwa a jera hotuna, a tattauna, mujallu su buga abin da aka faɗa. Mutumin gari zai ga girgije ya ce ya yi kyau, amma wanda ya san aikin zai lura cewa rana ta haska girgijen daga hagu, inuwar bishiyoyi kuwa tana nuna ranar tana dama, ko ya hango wani siririn farin zare a kan tsauni inda dodannin biyu suka haɗu. A New York, Henry T. Anthony ya kafa ƙungiyar musayar hotuna a 1861, inda kowane ɗan ƙungiya ke aika wa sauran aikinsa. Daga baya, musamman a Birtaniya, aka samu ƙungiyoyin gidan waya: akwati ne ke zagayawa daga wannan zuwa wancan, kowa ya saka hotonsa, ya rubuta gyara a kan na sauran, ya tura gaba, sai bayan watanni hoton mutum ya dawo masa ɗauke da ra'ayin 'yan'uwansa.

Buƙatar wannan gyara tana da dalilai na zahiri, ba ta ladabi kawai ba ce. Wanda ya ɗauki hoto ya tsaya a wurin da kansa, don haka in ya dubi inuwar da ta toshe a takarda, tunaninsa ne ke cika masa abin da babu, yana ganin ganyen da shi kaɗai ya san yana nan. Ya kuma shafe sa'o'i a ɗakin wankin hoto cikin jan haske mai rauni, idonsa ya saba da duhu. Hoton da yake jiƙe a tiren ruwa ma yakan fi ƙyalli, in ya bushe fararen wurarensa su ɗan dushe. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma a wannan sana'a maganar ta zo daidai: baƙon ido kan ga cikin daƙiƙa ɗaya abin da mai hoton ya kwana yana kallo bai gani ba.

Muhawarar da ta fi zafi a ƙarni na 19 ta gudana ne tsakanin Henry Peach Robinson da Peter Henry Emerson. Robinson gwanin haɗa dodanni ne, shahararren hotonsa na 1858 daga dodanni biyar ya harhaɗa shi, littafinsa na 1869 kuma ya koyar da cewa mai hoto ya tsara haske da inuwa kamar yadda mai zane yake yi. Emerson likita ne da ya yi hotunan fadamun Norfolk na gabashin Ingila, a littafinsa na 1889 ya yi kaca-kaca da haɗe-haɗen, ya ce gaskiyar hoto tana cikin fito da matakan haske kamar yadda ido ya gan su a wurin. Ana cikin haka, a 1890, Ferdinand Hurter da Vero Charles Driffield, waɗanda ke aiki a masana'antar sinadarai a garin Widnes, suka buga sakamakon gwajin shekaru. Sun auna yawan hasken da gilashi ya sha, suka auna duhun da ya haifar, suka zana dangantakar a layi mai lanƙwasa: kwance a ƙasa inda inuwa take, miƙe a tsakiya, ya sake kwantawa a sama inda haske ya yi yawa. Emerson ya karanta, ya fahimci cewa dokar sinadari ce ke iko da matakan haske fiye da yadda ya zata, sai ya buga ɗan littafi mai baƙin gefe irin na sanarwar rasuwa, ya janye da'awarsa cewa hoto fasaha ce. Da wuya a samu a tarihin sana'ar wanda ya karɓi hujja a bainar jama'a da irin wannan gaskiya. Sai dai ya yi gaggawar yanke ƙauna, domin a cikin wannan bincike akwai bayanin cewa tsawon lokacin wanki yana miƙar da layin ko ya kwantar da shi, kuma a kan wannan ne na baya suka gina ikonsu.

Makantar launi ita ma ta samu magani. Hermann Wilhelm Vogel ya gano a Berlin a 1873 cewa ƙara rini a sinadarin yana sa shi jin kore da rawaya, a 1906 kuma kamfanin Wratten da Wainwright na Ingila ya fara sayar da gilasai masu jin dukkan launuka. Daga nan gilashin launi da ake ɗorawa a idon kyamara ya samu aiki: rawaya yana tare wani kaso na shuɗi, sama ta ɗan yi duhu girgije ya fito, ja kuwa yana tare kusan duka. Amma ɗanɗanon zamanin ya karkata wani wajen. Ƙungiyar Linked Ring da aka kafa a London a 1892, da mabiyan Alfred Stieglitz a New York daga 1902, da alƙalan baje kolin da suka biyo bayansu, hoto mai laushi da hazo suka fi so, wanda wani lokaci har da buroshi ake taɓa shi don ya yi kama da zane.

Ansel Adams, wanda aka haifa a San Francisco a 1902, ya taso yana koyon fiyano, hoto kuma abin sha'awa ne da ya fara a Yosemite a 1916. A Afrilun 1927 ya hau wani tudu mai kallon fuskar dutsen Half Dome, ɗauke da babbar kyamara, gilasan ɗaukar hoto biyu kacal suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashin rawaya kamar yadda aka saba. Yana gamawa ya gane cewa abin da zai fito sama ce toka-toka da dutse mara nauyi, ba abin da ke ransa ba. A gilashin ƙarshe ya ɗora ja mai duhu, ya ƙara lokacin shan haske. Da aka wanke, sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya da kwarjininsa, dusar ƙanƙara tana walƙiya a gefe. Adams ya riƙa ambaton wannan rana a matsayin karon farko da ya hango hoton da ya gama a zuciyarsa kafin ya danna. Juyin da ya raba shi da fiyano kuwa daga hannun abokin sana'a ya zo: a 1930 a Taos ta jihar New Mexico, Paul Strand ya nuna masa dodannin hotunansa, Adams ya ga inuwa cike da bayani, farare kuma ba su ƙone ba, ya san cewa ga ma'aunin da zai bi.

A 1932 shi da Edward Weston, Imogen Cunningham, Willard Van Dyke, Sonya Noskowiak, John Paul Edwards da Henry Swift suka kafa ƙungiyar f/64, sunan da suka aro daga 'yar ƙaramar ƙofar haske da ke sa komai ya fito tsaf daga kusa har nesa. Sun buɗe baje kolinsu a gidan tarihi na de Young a San Francisco ranar 15 ga Nuwamba na shekarar. Ƙungiyar ba ta daɗe ba, amma musayar raddi tsakanin 'yanta da William Mortensen, mai kare tsohon salo, a mujallar Camera Craft ta sauya abin da ake kira hoto mai kyau a Amurka.

Wajen 1939 zuwa 1940, Adams da Fred Archer suna koyarwa a makarantar Art Center ta Los Angeles, suka mayar da lissafin Hurter da Driffield abin da ɗalibi zai iya aiki da shi a daji. Tsarin matakai da suka fitar, a siffarsa da ta zauna daga baya, ya raba tsakanin baƙi da fari gida goma sha ɗaya, daga 0 zuwa 10, kowane mataki ninki biyu na hasken wanda ke ƙasa da shi. Mataki na 5 shi ne toka ta tsakiya, wadda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Mitar haske ba ta san fari ko baƙi ba, duk abin da aka nuna mata so take ta mayar da shi mataki na 5, ko gawayi ne ko farar riga. Don haka mai hoto ne zai yanke hukunci. Yakan auna inuwar da yake so a ga abin da ke cikinta, ya ajiye ta a mataki na 3 ta hanyar rage haske mataki biyu daga abin da mitar ta faɗa, sannan ya auna girgije ya ga inda ya faɗa. In ya haura mataki na 8 zai ƙone, sai a rage lokacin wanki don a sauko da shi. In kuma rana ce mai hazo, irin hazon hunturu da ke mayar da nesa da kusa launi ɗaya, sai a tsawaita wankin don a buɗe tazarar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da tsarin ya yi shi ne ya ba idon mudu. Amfaninsa na biyu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne ya ba masu gyara harshe guda. Maimakon a ce wa ɗalibi hotonsa ya yi duhu, sai a ce masa inuwarsa ta faɗa mataki na 1 alhali na 3 take buƙata, ya san abin da zai gyara gobe.

Sauran aikin a ɗakin wanki yake. Ana saka dodon a majigin da ke haska shi a kan takarda na wasu daƙiƙu. Inda ake so ya yi haske, mai bugawa yakan riƙe 'yar kwali da aka liƙa a bakin siririyar waya, yana kaɗa ta a hanyar hasken ba tsayawa don kada gefenta ya bar shaida. Inda ake so ya yi duhu, sai ya ƙara lokaci ta cikin kwali mai huda, ko ya dunƙule hannayensa ya bar 'yar kafa hasken na bi. Hoton fitowar wata a ƙauyen Hernandez, wanda Adams ya ɗauka da yammacin 1 ga Nuwamba 1941, shi ne misalin da aka fi sani. Ya tsayar da mota a gefen hanya, ya nemi mitar haske bai gan ta ba, sai ya yi lissafi da hasken wata da ya haddace. Kafin ya ɗauki na biyu rana ta sauka daga kan fararen gicciyen maƙabartar ƙauyen. Dodon ya zo da wuyar bugawa, har a 1948 ya ƙara wa sashensa na ƙasa ƙarfi da sinadari. Ya buga hoton fiye da sau 1,300, kuma wanda ya jera bugun farko da na shekarun 1970 zai ga sama ta tashi daga toka mai gizagizai ta koma baƙa. Shi da kansa yakan kwatanta dodo da rubutaccen kiɗa, bugawa kuma da kaɗa shi.

Adams ya kafa sashen hoto a makarantar fasaha ta Kalifoniya a San Francisco bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Minor White ya koyar a can, daga 1955 kuma Adams ya riƙa shirya bita kowace shekara a Yosemite. A irin waɗannan wurare zaman gyara ya samu tsarin da ake bi har yau: a kafe hoton a bango cikin haske mai kyau, a dube shi shiru, a faɗi inda ido ya fara sauka da inda ya maƙale, sannan a tambayi mai shi abin da ya nufa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai gyara na ƙwarai niyyar mai hoton yake aunawa da abin da ya fito a takarda.

Al'adar tana da nata aibin. Gyara yakan rikiɗe ya zama ƙa'ida, ƙa'ida ta haifi kwaikwayo. Shekaru da dama alƙalan ƙungiyoyi suna neman baƙi ƙirin da fari fat a kowane hoto, da sama mai duhu irin ta Adams, ko da wurin bai nemi haka ba. Martanin ya bayyana a 1975 a baje kolin New Topographics a gidan George Eastman da ke Rochester, inda Robert Adams, Lewis Baltz, Bernd da Hilla Becher da wasu suka nuna unguwanni, masana'antu da filayen da mutum ya taɓa. A hotunan Robert Adams na Colorado sama fara ce tas, kamar yadda zafin hasken wurin yake. Farar saman da mutanen ƙarni na 19 suka yi ta yaƙa ta dawo da gangan, kuma ta dace da abin da hotunan ke faɗa.

Fim mai launi na haskawa a majigi, irin Kodachrome na 1935 da Velvia na 1990, ya ƙuntata wa mai hoto, domin tazarar da yake ɗauka kaɗan ce kuma babu ɗakin wanki da za a gyara. Sai aka koma ga gilashi mai duhu a sama, garau a ƙasa, wanda Galen Rowell ya yi fice da shi a hotunan tsaunuka.

Da Photoshop na Thomas da John Knoll ya fito a 1990, ɗakin wanki ya koma cikin kwamfuta da kayansa. Alamar haskakawa a manhajar 'yar kwalin nan ce mai waya, ta duhuntawa kuma dunƙulallen hannu, layin da ake lanƙwasawa don sauya tazara kuwa jikan na Hurter da Driffield ne. Matakai goma sha ɗaya sun zama 256 a fayil na yau da kullum, daga 0 zuwa 255, jadawalin haske kuma yana nuna yadda suka rarrabu. Tsohuwar ƙa'ida ta juye: a dodon fim inuwa ake tsoron rasawa, a kyamarar dijital kuwa farin da ya kai maƙura ne ba ya dawowa, don haka shi ake fara karewa, a ɗago inuwa daga baya daga ɗanyen fayil, wato abin da kyamara ta ɗauka kafin a taɓa shi. Haɗa ɗauka biyu ko uku masu haske daban-daban ya zama aikin minti ɗaya, wato dabarar Le Gray a sabuwar riga. Da ita kuma tsohon kuskure ya dawo: a shekarun 2000 an cika duniya da hotunan da aka ɗago inuwarsu har ta kai hasken sama, farin zobe ya kewaye tsaunuka, hoton ya rasa inda rana take. Sukar abokan sana'a ce ta rage wannan yayi. An kuma samu sabuwar matsala da masu akwatin gidan waya ba su sani ba, domin takarda ɗaya ce a hannun kowa, fuskar kwamfuta kuwa kowace da haskenta. Wanda ya yi gyara a fuska mai tsananin haske yakan fitar da hoto mai duhu bai sani ba, shi ya sa ƙwararru ke saita fuskarsu da na'urar awo, su kuma nemi ganin jadawalin kafin su ce komai.

A 2020 Photoshop ya ƙara maɓallin sauya sama gaba ɗaya, tambayar da ta raba Robinson da Emerson ta sake tasowa. A 2021 wasu masu hoton shimfiɗar ƙasa suka kafa gasar Natural Landscape Photography Awards, wadda ta yarda a daidaita haske da duhu, ta hana ɗora saman da ba ta wurin ba, ta kuma wajabta wa waɗanda hotunansu suka kai zagayen ƙarshe su aiko da ɗanyen fayil, domin abokan sana'arsu su kwatanta shi da hoton da aka gama.